Sai Tsaraba Ta Cika

Mijina ba mugu ba ne. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don na san halin bakina, kafin in kai ƙarshe wani zai ce a nuna masa gidanmu ya zo ya mare shi. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki da firji, da duk wani abu da aka ƙera don ya yi sanyi ya ƙi yi. Tun yana yaron shago ake kiransa Mai Sanyi, sunan ya bi shi har ni ma da shi nake kiransa idan raina ya ɓaci. Ya iya aikinsa, ba ya cin amanar kowa, ba ya shan komai sai shayi. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, kada a ce ya gaza.

Da wani otal na bakin teku a wata ƙasa ya ɗauke shi aiki, dangi kalmar "waje" kawai suka ji, sauran bayanin bai shiga kunnensu ba. A wurinsu duk inda jirgin sama ya sauke mutum ƙanƙara ce ke zuba. Kawunsa ya kawo masa wata tsohuwar kwat mai nauyin buhun siminti, gwaggonsa ta saƙa mini safar hannu. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me mai gyaran sanyi zai je yi a garin ƙanƙara. Shi kuwa gogan ya karɓi kwat ya rataya a kafaɗa, ya shiga filin jirgi yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Inna, mahaifiyarsa, ita ce ba ta yi ta murna da kowa ba. A lokacin idonta na hagu ya riga ya fara hazo, likita kuma ya ce irin ciwon nan ne da ba ya komawa baya, iyakar magani ya rage masa gudu. Kowa a gidan ya san ganin Inna yana tafiya ne a hankali, har shi.

"Hutu na farko ina nan, Inna," in ji shi.

"Allah ya nuna mana," ta ce.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a can, na ɗauka wani ne ya rufa mini jiƙaƙƙen bargo mai zafi. Zafin garinmu yana da mutunci, ya gasa ka ya bar ka a bushe. Na can dafa mutum yake yi. Kafin mu kai inda ake duba fasfo rigar Mai Sanyi ta manne masa a baya, kwat ɗin kawu tana hannunsa, ma'aikata suna kallonta suna kallon juna. Muna fitowa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Direban otal ya yi mana bayani da hannu cewa haka ake yi kullum da rana. Na ce to damina ce. Ya ce a'a, damina ba ta zo ba tukuna.

Ɗaki da falo muka kama a saman bene, a wani lungu da ke bayan kasuwar kifi. Mai gidan wata tsohuwa ce gajeriya da ke zaune a ƙasa, kullum tana bakin ƙofa tana fiffita da murfin tukunya. Bangon ɗakin yana gumi kamar mutum. Gishiri ya narke a cikin gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana ya wuni a baranda ya sauko da wari. Tsaka kuwa a can ba baƙuwa ba ce, da ita aka ba mu hayar. Makon farko na yi kuka har na gode wa Allah. Mako na biyu na ga kukan ma ba ya bushewa, sai na haƙura na sauka wajen tsohuwar. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma ta kama hannuna ta kai ni kasuwa, ta nuna mini mai kifin da ba ya cuta, da inda ake sayen gas, da motar da ke zuwa asibiti. Ita ta koya mini zuba 'yar shinkafa a cikin gishiri.

Shi kuwa aiki ya karɓe shi. A ƙasar da iska ke ɗiga, mai gyaran sanyi sarki ne. Otal ɗin cike yake da baƙi masu zuwa daga garuruwan sanyi don su sha rana, su biya kuɗi mai yawa, sannan su kulle kansu a ɗaki su ce a ƙure musu sanyi. Mai Sanyi ya wuni a kan rufi da cikin silin, ya dawo ɗakinmu da ba shi da ko fanka mai kirki. Da albashin farko ya shigo na ce to madalla, yau za mu bar kwanan ƙasa. Ya fita da yamma, ya dawo da akwati.

Akwati fa, ƙato, mai taya. A ciki akwai yadi na kawu, da mayafi na gwaggo, da takalman yara guda-guda.

"Gadon fa?" na ce.

"Wane gado, ke kuwa? Mu da muke baƙi. Shekara kamar gobe ce. Tsaraba za a fara haɗawa tun yanzu, in ba haka ba lokaci ya ƙure mana."

A nan ya kamata in yi bayanin inda ciwon ya samo asali. Muna sabon aure, ɗan wani maƙwabcinsu ya dawo daga waje da jaka ɗaya rataye a kafaɗa, ya raba wa mutane alewa da biro. Unguwa ta yi wata guda tana cin namansa. Wanda ya fi kowa iya kwaikwayon yadda yake miƙa biron da hannu biyu, har mutane su riƙe ciki, shi ne mijina. Shi ya laƙaba wa bawan Allahn nan suna Alhaji Biro, sunan da har yau 'ya'yansa ke amsawa a makaranta. To mutumin da ya yi wannan, ta ina zai shiga unguwar da jaka ɗaya? Ya san bakin da ke jiransa, don shi ya wasa shi.

Dangin Mai Sanyi kuma ba dangi ba ne, gari ne. Akwai 'yan ɗakinsu, da 'ya'yan baffanni, da 'ya'yan gwaggonni, da matan waɗannan, da surukan waɗancan, da wata tsohuwa da ba wanda ya san yadda aka haɗu da ita amma ba a taro sai da ita. Dukansu suna cikin kansa, da lambar takalmin kowa. Mutumin da ba ya tuna ranar da aka haife ni ya san faɗin kafaɗar mijin 'yar baffansa. Yaren ƙasar ma abin da ya koya ke nan, "nawa ne", "rage mini", "akwai babba?" Da waɗannan ya yi shekarunsa.

Hutun farko ya zo. Otal na ba da hutu da tikiti duk shekara, wanda bai tafi ba a ba shi kuɗin. Mai Sanyi ya zauna a kan akwati yana ƙirga dangi da yatsu, ya ga ɓangaren uwa ya cika, ɓangaren uba da saura.

"In na ba waɗannan na hana waɗancan, gaba na ƙulla har jikoki. Bana dai a bari. Baɗi sai mu tafi gaba ɗaya, a yi abu na mutunci."

Ya kira gida. Auta, ƙanwarsa, ita ke zaune da Inna, ita ke riƙe mata waya. Muka ga Inna ta kawo wayar har kan hancinta tana juya kai.

"Ina ganin wani abu yana motsi kamar ƙwaro a cikin kwalba. Kai ne?"

"Ni ne, Inna. Aiki ne ya yi yawa, sun ƙi sakina. Baɗi in sha Allahu."

Sun ƙi sakinsa. Manajan da ya bi shi har bakin ƙofa yana cewa ya je ya huta.

A shekara ta biyu na haihu. Tsohuwa mai gida ce ta raka ni asibiti, ita ta yi faɗa da nas a madadina, ita ta riƙa hawa benen nan da ƙafarta mai ciwo tana kawo mini ruwan zafi. Yarinyar ta ci sunan Inna, muna kiranta Ummi. Kafin nan na fara jin yaren, ina ciniki, ina zagin mai babur idan ya watsa mini ruwan kwata. Na shuka barkono a gwangwanayen madara a baranda. Na san maƙwabciyar da ke aron wuƙa ba ta mayarwa. Wata mai ɗinki a ƙasan layi ta ba ni aikin sa maɓalli da kalmasa, ina yi a gida. Ni dai na ga nan Allah ya ajiye ni, sai na zauna. Mijina kuwa ko ƙusa bai yarda a buga a bango ba. Labule igiya muka ɗaura masa.

Ana saura kaɗan hutu na biyu, ya ce a buɗe akwatuna a sake shiri. A lokacin sun kai jere guda a jikin bango. Da ya zuge na farko wani wari ya buso, Ummi ta yi atishawa. Takalman fata duk sun tsiro da gashi kore. Yadin kawu ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar zabuwa. Robar wandunan yara ta mutu, gam ɗin silifa ya saki, agogunan hannu batirinsu ya fashe ya ci bayansu. Turaren gwaggo kuwa kwalba ce kawai ta rage, shi ya riga mu tafiya gida.

Mai Sanyi ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Wallahi na ji tausayinsa, don guminsa ne a wurin. Na ce a raina to, yau Allah ya yi masa magana da yaren da yake ji. Na dafa shi na ce, "Baban Ummi, ka ga ƙasar nan ba ta ajiya. Mu ɗauki abin da ya tsira mu tafi. Inna ta ga takwararta."

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

"Da wannan? In kai wa mutane fumfuna? So kike a ce da ni Alhaji Fumfuna?"

Washegari ya kira kafinta. Na ga ana hawo da katako, zuciyata ta yi fari, na ce ashe dai za a yi gadon. Gado aka yi kuwa, mai ƙafa dogaye, mai faɗi, har da fenti. Na akwatuna ne. Aka jera su a kai don kada su taɓa danshin ƙasa. Ya sayo kafur ya zuba, ya sayo gawayi a buhu ya tura ƙarƙashi, ya sayo fanka sabuwa mai juyawa ya saita musu. Mu da jaririya muna kan katifa a ƙasa muna samun ragowar iskar da ta biyo ta gefen tsarabar kawu. Duk ranar da aka ga rana ta leƙo, ni ce mai fitar da kaya baranda in shanya, in tsaya a kai ina kallon sama kamar mai gadin gona. Hadari na haɗuwa in kwashe. Na yi rainon yarinya ɗaya da akwatuna, kuma akwatunan sun fi ta rigima.

Abin da mijina bai lissafa ba shi ne mutanen gida ba su tsaya cik suna jiransa ba. Yaron da aka saya wa takalmi yana rarrafe ya shiga makaranta. Wadda aka saya wa 'yartsana ta fara kitso da kanta. Duk kiran waya sai an ce wance ta haihu, wane ya yi aure. Mutane na cewa barka, shi yana cewa barka, amma ina ganin leɓensa na motsi, ya ƙara mutum biyu. Idan aka yi rasuwa ya yi salati da gaske, ya yi hawaye, can anjima kuma in ji ya ce, "Yadin marigayi sai a ba ƙaninsa, tsayinsu ɗaya."

Haka hutu ya riƙa zuwa yana wucewa. Ummi ta yi ƙafa, ta yi baki, bakin ma yaren ƙasar ya fi zama a cikinsa. Tana kiran tsohuwa mai gida kaka. Kakarta ta gaskiya murya ce a cikin waya.

Wata rana da hantsi, yana wurin aiki, Auta ta kira ni ni kaɗai.

"Anti, don Allah ki yi wa Yaya magana. Idon Inna na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na daman ma likita ya ce kamar ta ramin ƙofa take leƙe, kuma ramin yana tsukewa. Jiya ta zuba ruwan zafi a gefen kofi. Ba ta so in faɗa muku."

"Shi kin faɗa masa?"

"Na faɗa. Ya ce zai turo kuɗin wani magani. Anti, ba magani take tambaya ba. Kullum sai ta sa an zaunar da ita tana fuskantar ƙofa."

Ya dawo da yamma da leda a hannu, huluna ne na 'ya'yan baffa. Ban bari ya cire takalmi ba.

"Mai Sanyi."

Ya san idan na kira wannan sunan ba lafiya. Ya ajiye ledar.

"Uwarka tana makancewa. Ba na jin akwai wata Hausar da ta fi wannan sauƙi. Kai kana nan kana auna kan 'ya'yan baffa."

"Maman Ummi, ki iya bakinki."

"Ban iya ba, a haka ka auro ni. Ka ɗauki jaka ɗaya ka tafi jibi. Ni zan zauna in yi wa 'ya'yanka fiffita," na nuna akwatunan. "Ba abin da zai same su."

"Ke ba ki san mutane ba. Shekara nawa ina waje, in shiga gida hannu rabbana? Ita kanta Innar za a yi wa dariya. A ce ɗanta ya tafi ya dawo ba ko tsinke. Don mutuncinta nake yi."

"Ta ce maka mutunci take son gani?"

Ya juya. Ya shiga banɗaki ya daɗe, na ji famfo na zuba ba a wanka. Da ya fito idonsa ja, ya ce, "Bana za mu tafi. Na rantse. Saura kaɗan ya cika."

Na yarda yana son uwarsa, ban taɓa shakka ba. Hotonta ne a fuskar wayarsa. Akwatin da ya fi kowanne kyau nata ne, shi yake buɗewa da kansa ya sake ninke kayan, ba ya bari in taɓa. Sai dai tsoron bakin mutane ya fi son ƙarfi, kuma abin haushin shi ne bai san haka ba. A ganinsa duk ɗaya ne.

Bana ɗin kuwa ya cika alkawari, ya karɓi hutu, ya karɓi tikiti. Na yi wa tsohuwa albishir, ta rungume ni. Sai muka je ofishin jirgi da maganar kaya. Yarinyar da ke wurin ta tambayi akwati nawa, ya faɗa, ta cire tabarau ta sake tambaya. Ta ce in dai ba jirgin zai saya ba, sai dai ya tura ta ruwa.

"To a tura ta ruwa," na ce. "Mu mu yi gaba, kaya su same mu."

"Su same mu? In isa in ce wa mutane kaya na hanya? Kowane matsiyaci haka yake cewa. Alhaji Biro ma cewa ya yi nasa na hanya."

Ya mayar da tikiti, ya ɗaga hutun. Dabararsa ita ce jirgin ruwa ya yi gaba, idan an tabbatar kaya sun sauka an fito da su, sai mu tashi, mu da tsaraba mu shiga gida rana ɗaya. An ce masa tafiyar 'yan makonni ce. Ranar da 'yan dako suka sauke akwatunan daga bene, tsohuwa tana bakin ƙofa da murfin tukunyarta. Ta tambaye ni ko kanti zai buɗe a garinsu. Na ce a'a, gaisuwa zai je wurin uwarsa. Ta dubi motar kayan, ta dube shi, ta ce wani abu a hankali. Ya tambaye ni me ta ce. Na ce addu'a ta yi masa. Abin da ta ce shi ne ita ɗanta ko da tsirara ya zo tana so.

A daren farko bayan tafiyar kayan muka hau gadonsu muka kwanta, fanka na kaɗa mu. Sai da na yi shekara da shekaru a ƙasar kafin in san ashe ɗakin namu yana da faɗi.

Jirgin ruwa kuma ba ya sauri don uwar wani. Ya tsaya a wata tasha ya sauke, ya tsaya a wata ya ɗauka. Aka ce ya lalace ana gyara. Da ya isa aka ce takarda ɗaya ba ta cika ba. Da ta cika aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Makonni suka zama watanni. Mai Sanyi ya rame, kullum waya a kunne, yana yi wa wani ɗan baffansa da ya wakilta ihu. A tsakanin nan Auta ta daina kirana. Ni ma na daina tambayarta, don na san abin da shirun yake nufi, kuma ba ni da abin da zan yi da amsar.

Ranar da aka ce kaya sun fito, a ranar ya yanki tikiti.

Ba zan rage masa komai ba, shigar ta yi kyau. Motarmu a gaba, motar kaya a baya, yara na bin mu da gudu. Unguwa ta fito. Maza na rungumarsa, mata na leƙen akwatuna suna taɓa juna. Har Alhaji Biro na hango a bakin shagonsa, ya tsufa, ya ɗaga mana hannu da fara'a. Aka jibge kaya a tsakar gida, tsibi guda, dangi suka kewaye. Abin da mijina ya yi shekaru yana gani a mafarki ke nan, kuma ya same shi daidai yadda ya so.

Auta ce ta ja hannunsa. "Yaya, tana ciki."

Inna na zaune a bakin gado, an yi mata kwalliya, ta ɗaura sabon ɗankwali ya ɗan karkace. Muka yi sallama. Ta amsa da murna, ta miƙo hannu biyu, amma wajen taga ta miƙa su, mu kuwa muna bakin ƙofa. Mai Sanyi ya tsaya kamar an dasa shi. Sai da Auta ta tura shi ya zagaya ta inda hannuwan suke, ya durƙusa ya shiga tsakaninsu.

"Kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"To. Sannu da hanya. Kun sha hanya."

Na tura Ummi gabanta. Ta shafa kanta, ta shafa kunnuwanta, ta ce kunnen gidansu ne. Yarinyar ta yi magana da yaren can, Inna ta yi dariya ta ce a fassara mata. Shi kuwa ya rasa abin yi da kansa, sai ya tashi da sauri ya jawo akwatinta, ya buɗe, ya ɗora mata wani leshi a cinya.

"Inna, ga naki. Shuɗi ne, irin wanda kike so. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai..."

Ta shafa shi da tafin hannu. "Yana da laushi. Allah ya yi albarka." Ta ajiye shi a gefe. Sannan ta juyo wajen da ta ji numfashina. "Maman Ummi, ke ba kya ɓoye magana, shi ya sa nake sonki. Faɗa mini, yaya ya koma?"

Na ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ya ɗan rame, Inna, amma ya yi tumbi. Gashin gaba ya tafi."

"Irin na babansa. Sai me?"

"Ya yi duhu, rana ta ci shi. Gemun kuma ya fara fari."

"Fari?"

"Ta gefe da gefe, Inna."

Ta murza bakin zanenta.

"Ban taɓa ganinsa da furfura ba," ta ce. "Lokacin da Auta ta ce kun sa kaya a jirgin ruwa, ina iya raba fari da baƙi in abu ya matso kusa. Da na gani."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi sauƙi. Mai Sanyi ya kifa goshinsa a gwiwarta, kafaɗunsa na rawa, ba sauti. Ni kaina da na yi shekaru ina tanadin ranar da zan ce masa ai na faɗa maka, sai na ji ba na so. Na juya ina kallon bango ina share ido da bakin mayafi.

Daga tsakar gida hayaniya na tashi, an riga an fara buɗe akwatuna. Wani ya leƙo ta labule, saurayi ne har da gashin baki, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya.

"Kawu, wai wannan ne nawa? Ko babban yatsana bai shiga ba. Babu babba?"

Mijina bai ɗago ba. Inna ta lalubo kafaɗarsa ta ɗan bubbuga.

"Tashi ka je ka duba masa," ta ce. "Ai don su ka daɗe."

Ya tashi ya fita.